Bismillah Mana

Abin da na fara lura da shi da muka sauka daga motar Kawu a Abhur shi ne ban ga teku ba. Ina jin ƙarninsa a iska, ina jin ƙararsa yana marin wani abu a hankali, amma abin da ke gabanmu katanga ce fara, doguwa, tsatsa ta gangaro mata daga kan ƙarafa kamar an ɗiga shayi. A gindinta akwai wata 'yar ƙaguwa da ta mutu ta bushe, ƙafa ɗaya a sama. Na tsaya ina tunanin ta ina ta fito, don ko rami ban gani ba.

Ni na ƙirƙiro tafiyar nan, abin da har yau malamanmu ba za su yarda ba. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma ban taɓa ɗaga hannu a aji ba ko da na san amsa. A bayan littafina na zana bakin ruwan Abhur, tun daga inda ya kutso cikin gari har inda ya haɗu da babban teku, na sa ɗigo ja a ƙarshe. Burina mu goya jakunkuna kamar matafiya, mu taka da ƙafa har wurin ɗigon, mu tsoma ƙafafunmu a ruwa. A Jidda aka haife ni, amma ta tagar mota kawai na san teku.

Wata ƙawata 'yar Yaman, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ta fizge littafin ta ga zanen, kafin a tashi ta mayar da shi magana. Ta ukunmu ita ce wadda muke benci ɗaya. Iyayenta Hausawa ne kamar nawa, daga Sudan, amma ita ji kawai take yi, da Larabci take amsawa, kuma ba mu taɓa ce wa juna ko sannu da Hausa a makaranta ba. Sati uku muka yi muna roƙo a gida. Aka yarda bisa sharaɗi biyu: yayar 'yar Yaman, wadda ke jami'a, muna ce mata Abla, za ta raka mu, sannan Kawuna, da yake direba ne a wani gida a can, shi zai kai mu da safe ya ɗauko mu da la'asar. Babana ya ce sau ɗaya ne. Na san in muka dawo ƙafa a bushe, ba zan sake buɗe baki in ce a yi wani abu ba.

"Yalla, mu je, shugabar tafiya," in ji 'yar Yaman. Da Larabci muke magana, kamar kullum. "Ina tekun naki?"

Na nuna gaba.

Hutun tsakiyar shekara ne, zafi da sauƙi, amma jaka a kan baƙar abaya ba wasa ba ce. Muka bi katanga. In fara ta ƙare sai mai launin ƙasa ta kama, in ita ma ta ƙare sai wata mai furanni ja da suka leƙo ta sama. Ta ƙarƙashin wata ƙofa na hango shuɗi, siririn layi kamar zare, shi ke nan.

A ƙofa ta farko da muka samu a buɗe akwai mai gadi, maɓallin rigarsa na biyu ya fita an maye shi da wani mai launi daban. Ya ce wa Abla wurin na masu rajista ne, cikin ladabi. Sai ya juyo gare ni da ƙawata ta benci, ya dubi fuskokinmu, ya dubi jakunkunanmu.

"Ku kuma ƙofar ma'aikata tana baya."

"Ma'aikata?" 'Yar Yaman ta daka tsalle. "Wannan ita ce ta ɗaya a ajinmu! Ka san lissafin da ke kanta kuwa?"

Da ma ta yi shiru. Mutumin ya shiga ba da haƙuri, yana ƙara dubana kamar zai ga lissafin a goshina. Ni kuwa maɓallin nan na zuba wa ido har Abla ta ja mu.

Wajen hantsi muka isa wani fili da jama'a ke shimfiɗa dardumai. A nan mun ga teku sosai, amma ta bayan shingen ƙarfe, ƙasa da shi manyan duwatsu, ga allo an rubuta an hana sauka. Muna tsaye muna leƙe sai wata mata da ke zuba wa 'ya'yanta shayi ta ɗaga murya.

"Ya hajja! Ke, mai jaka! Kina da gyaɗa?"

Na waiga in ga tsohuwar da take kira. Ni ce. A Jidda haka ake kiran matan Hausawa masu sayar da gyaɗa a bakin hanya, kuma a idonta baƙar yarinya da jaka ba ta da wani aiki a bakin teku sai wannan.

"Ba ma sayar da komai," in ji Abla a taƙaice. "'Yan makaranta ne."

Abin da ba wanda ya sani shi ne ina da gyaɗar. Kakata ce ta soya ta da yashi, ta cika wata tsohuwar kwalbar zuma, ta cusa min a jaka tana cewa matafiyi ba ya fita hannu sake. Tun safe kwalbar take kacau-kacau a bayana. Daga wurin matar nan sai na koma tafiya a hankali, ina ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙwai, don kar ta yi ƙara. Ƙawata ta benci ta matso kusa da ni, ta sa hannu ta danne gefen jakar. Ashe ta san ƙarar.

Mun yi azahar a wani ƙaramin masallaci, muka ci burodin tamis da cukui a inuwarsa. Ruwanmu ya yi ɗumi. Diddigen 'yar Yaman ya yi bororo, bakinta ma ya fara mutuwa, abin da ya fi komai tayar min da hankali.

"Halas, ya isa haka," in ji Abla, tana fito da waya. "Mun yi ƙoƙari. Bari in kira kawunki."

Ina sunkuye ne, kamar yadda na saba, shi ya sa na gan su. Ɓawon kifi, ƙanana, suna ƙyalli a kan kwalta, ɗaya nan ɗaya can, sun nufi wani lungu tsakanin katangu biyu. A bakin lungun kyanwoyi uku, masu ƙiba, ba irin na unguwarmu ba. Na yi tunanin kyanwa ba ta ƙiba a banza, kuma kifi ba ta kan katanga yake tsallakowa ba.

"Abla," na ce a hankali. "Lungun nan kawai. In babu, ki kira."

Lungun ya lanƙwasa sau biyu. Muna fitowa daga kwana ta biyu sai ga wani tsoho zaune a kan tabarma a gindin wata ƙaramar ƙofar ƙarfe, tiren soyayyen kifi a gabansa. Ta saman ƙofar ana hango kawunan kwale-kwale suna lilo. Ya ɗago, ya ga mata huɗu cikin baƙi da ƙusumbin jakunkuna sun ɓullo masa, ya ce da ƙarfi:

"Bismillah!"

A Larabcin Jidda, in mutum ya gan ka ya ce haka, ka firgita shi ne, kamar ya ga abin da ba mutum ba. 'Yar Yaman, da ma a cike take tun safe, ta yar da jakarta, ta fuskance shi tana ce masa ammi, wato baffa.

"Aljanu ka gani, ya ammi? Wancan ya ce 'yan aiki, waccan ta ce 'yan talla, kai kuma aljanu! Me muka yi wa mutanen Abhur?"

Abla ma ta ɗaure fuska ta ce mu juya.

Ni ban juya ba, don ina kallon hannunsa. Wanda ya tsorata baya yake ja. Shi kuwa tiren ya turo gaba, tafin hannunsa a buɗe. Ya cire takalmansa ya jera su a gefe, ga buta, ga tsohuwar hula tana leƙowa ta ƙarƙashin ƙyallen da ya yafa. Kusa da soyayyen kifin akwai 'yar kwalbar magani cike da jan gari, kuma ko daga inda nake ina jin ƙamshin ƙuli-ƙuli a cikinsa. Yaji ne, irin na gidanmu.

Ya dubi 'yar Yaman da mamaki, sannan ya dube ni, ya dubi ƙawata ta benci, ya sassauta murya.

"Bismillah mana."

Wannan "mana" ba Larabci ba ce. Haka Kaka take faɗa in ta sa kwano a gaba wani ya shigo: zo mu ci. Na saci kallon ƙawata ta benci. Ta ji, na san ta ji, amma ƙasa take kallo. Abla har ta kai kwana. In na yi shiru na minti ɗaya, shi ke nan, za mu koma mota, kuma za a bar dattijon nan da zagin da bai san dalilinsa ba.

Ban taɓa yin Hausa a wajen gida ba. Na matsa bakin tabarmar na durƙusa, kamar yadda ake gaida babba. Na manta da jakar. Ta rinjaye ni ta baya, na zauna daɓas a ƙasa, kwalbar gyaɗa ta yi kacau ɗin da duk lungun ya ji. Daga nan zaune na ce:

"Alhamdulillahi, Baba, a ci lafiya. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya ƙarfin jiki?"

Ya yi dariya har da tari.

"Lafiya lau, 'yar nan. Sannu, jakar ta fi ki nauyi. To ke wannan gaisuwa ta tsofaffi, wa ya ba ki? Da kakarki kike kwana, ko?"

"Eh, Baba."

"Na ji alama. Ita kuma wannan me na yi mata take min faɗa?"

Na juya ga ƙawayena. Sun saki baki suna kallona kamar yau suka fara ganina. Na yi musu bayani da Larabci, cewa a wurinmu in mai cin abinci ya ce bismillah, gayyata ce, abincinsa yake miƙo mana. Ban taɓa jera magana mai tsawon wannan a gabansu ba, kuma sai da na gama na lura na ce "a wurinmu".

'Yar Yaman ta rufe fuska da mayafi. "Wayyo! Ka yafe min, ya ammi, wallahi rana ce ta dafa min kai."

Ashe yana jin Larabci sarai, amma ni ya kalla.

"Gaya mata na yafe. Ki kuma gaya mata aljanu ba sa yawo da jaka."

Da na fassara har Abla, da ta riga ta dawo, sai da ta yi dariya. Muka zauna a gefen tabarma. Ya ce shi yake gadin wurin da masunta ke ɗaure kwale-kwalensu, ya daɗe a nan, kuma da ya ga fuskokinmu mu biyu sai bakinsa ya koma gida da kansa. 'Yar Yaman, don ta nuna ta tuba, ta dangwali yajin da yawa, ta yi ta tari hawaye na zuba, yana ce mata sannu, ita kuma tana maimaita "sannu, sannu" a zatonta sunan yajin ke nan.

Sai na buɗe jaka na fito da kwalbar da na wuni ina ɓoyo, na miƙa masa da hannu biyu. Ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza.

"Ta yashi ce," ya ce. "Rabon da in ci irinta na manta. Ki ce wa tsohuwa hannunta bai mutu ba."

A gefena na ji wata ƙaramar murya, Hausarta a karkace, da harshen Larabci a ciki.

"Mun gode, Baba."

Ƙawata ta benci ce. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba, amma kafaɗarta tana jikin tawa.

Abla ta duba waya ta ce saura kamar awa ɗaya Kawu ya zo. Tun zamanmu na ga makulli rataye a wuyan tsohon da igiyar kamun kifi, kuma ta ƙarƙashin ƙofar ina ganin jiƙaƙƙen yashi, ruwa yana lasarsa yana komawa. Abla ma ta gani. Ita ce babba, da Larabci za ta iya tambayarsa. Amma sai ta mayar da wayar cikin jaka ta dube ni, 'yar Yaman ta dube ni, har kyanwoyin da suka biyo mu kamar ni suke jira.

Akwai hoton da muka ɗauka daga baya, ƙafafu takwas cikin ruwa, bakin abayoyi a jiƙe, yana nan manne a bayan littafin nan kusa da jan ɗigon. Kowa ya gani sai ya yaba. Ni kuwa abin da na fi ji da shi ba ya cikin hoton. Na gyara durƙusona, wannan karon ba jaka a bayana, na ɗago kai na dubi fuskarsa.

"Baba," na ce, "tun safe muke bin katanga. Don Allah ka buɗe mana ƙofar nan mu sa ƙafarmu a ruwa."