Gwaggon da Ta Mayar da Ni Gaban Allo

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ina tsakiyar darasi maiɗakina ta zo makaranta da kanta. Ba ta saba samuna a bakin aiki ba, don haka da na ji takunta a baranda na ajiye abin da ke hannuna tun kafin ta yi sallama. Ta kama ni a gwiwar hannu, ta ja ni gefe, ta ce a hankali, “Gwaggo ta cika.” Allah ne Ya ba mu aronki, Gwaggo, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa, kuma wurinSa dukkanmu muka nufa.

Ke ƙanwar mahaifina ce. Mutane da yawa sun san ki a matsayin likitar haƙori, kuma tun ranar jana'iza nake jin waɗanda kika duba suna ba da labarin sauƙin hannunki. Na bar musu wannan, sun fi ni saninsa. Ni abin da na sani shi ne garejinki, kuma a kansa nake so in yi magana.

Da kika yi ritaya, kowa ya ɗauka za ki miƙe ƙafa ki huta. Sai ga shi kin sayo wata na'ura da ba ta wuce ƙaramin akwati ba, wadda ake kira leza. Siririn haske take fitarwa, ya ƙona katako ko fata, ya bar duk zanen da aka tsara mata a kwamfuta. Kika ɗora ta a kan tsohon tebur a gareji, kika fasa taga kika sa bututun fitar da hayaƙi, motar Baba mijinki kuma ta koma kwana a ƙarƙashin bishiya. Kafin a ankara babu abin da ya tsira a dangi. Ludayin katako, maƙalin makullai, bayan buroshi, murfin akwatin ɗinki, duk sun sami suna. Aron kaya a manta ba a mayar ba ya ƙare a gidajenmu, don kowane abu yana faɗin mai shi. Baba yakan ce shi ya sa ba ya daɗewa zaune wuri ɗaya, kada ki zo ki rubuta masa suna a ƙeya.

A lokacin ni ba ta dariya nake ba. Ciwon da ya daɗe yana cin idona a hankali ya gama aikinsa, haske ya ɗauke gaba ɗaya. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma ɓangaren da na fi so shi ne na siffofi: alwatika, da'ira, kusurwa. Lambobi kam ina iya riƙe su a ka in faɗa da baki. Amma yaya mutum zai zana alwatika a allon da ba ya gani? Na gwada. Layukana ba sa haɗuwa, ina jin ɗalibai suna danne dariya, waɗansu kuma suna yin shirun tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo. Shugaban makaranta mutumin kirki ne. Ya kira ni ofis ya ce zai ba ni zuwa ƙarshen zango, in abin bai yiwu ba za a nema mini kujera a ɗakin karatu in riƙa zama. Bai faɗa da mugunta ba. Amma na koma gida na shiga ɗaki, na daina fita ko gaisuwa.

Ke kika zo kika fitar da ni. Ba ki yi mini wa'azi ba, ba ki kuma yi kuka ba kamar sauran. Cewa kika yi, “Malam, tashi ka sa takalmi. Ina da aiki, kuma yatsunka nake bukata.”

Har yau ina iya tuna shigata garejin nan ta farko. Ƙamshin ƙonannen katako, sanyin siminti, ƙarar fankar da ke zuƙe hayaƙi. Kika zaunar da ni a kan doguwar kujerar da kika kawo daga tsohon ɗakin aikinki, sannan kika ɗora mini tabarau mai kauri a fuska. Na ce, “Gwaggo, me ya rage a idon nan da za a kare?” Kika ce, “Idonka ne ko yana gani ko ba ya gani. A garejina babu mai zama ba tabarau.” Ranar ce na fara yin dariya tun bayan da abin ya same ni.

Kika sa lezar ta zana alwatika a kan siririn katako, kika miƙo mini da ɗuminsa. Na shafa, na sake shafawa, ban ji komai ba sai ɗan kaushi. Na ji nauyin faɗa miki, amma kika ce in ba zan faɗi gaskiya ba in tashi in ba ki wuri. Kika ƙara zurfin zanen, na ji layin amma yatsana yana ɓacewa a kusurwa. A nan muka gano cewa yatsa ya fi bin layin da ya taso a kan wanda ya nutse. Lezar ba za ta iya wannan yadda kike so ba.

Wata mai shekarunki da ta tsaya nan ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, kuma babu mai zarginta. Ke sai kika nemo injin sassaƙa, shi ma mai bin umarnin kwamfuta, wanda ke da baki mai juyawa yana cinye katako. Dabarar ita ce ya cinye ko'ina ya bar layin kaɗai a tsaye. Kika sa masa suna Sarkin Surutu, don in ya fara aiki har maƙwabta sun san kin tashi. Ba ki iya shi ba da farko, kuma ba ki ɓoye ba. Kin lalata katako ba iyaka. Bakinsa, wanda kike kira haƙori, ya yi ta karyewa saboda kina tura shi da sauri. Na ji ki wata rana kina tsince guntayen kina cewa, “Ka ga ikon Allah. Na ƙare rayuwata ina gyara haƙori, yau ga ni ina karya shi.” Kika zauna da waya kina kallon yadda wasu suke yi, kina tambayar mutanen da ba ki taɓa gani ba, har hannunki ya faɗa.

Aikina shi ne shafawa. Ki sassaƙa, ki goge da sanfefa, ki miƙo, in ce nan ya yi kaifi, nan ya yi ƙasa, wannan kusurwar ba ta fita ba. Ba ki taɓa cewa ai ya isa haka ba. Sai daga baya na fahimci cewa ba katakon kaɗai kike gyarawa ba. Kin ba ni dalilin yin wanka in fita kowace safiya.

Kafin zango ya ƙare muna da kaya cike da jaka. Manyan siffofi masu maganaɗisu a baya, waɗanda nake mannawa a fallen ƙarfen da aka kafa mini kusa da allo, kowanne da layuka masu tudu da alamar da ke gaya wa yatsana ina sama ina ƙasa. Kin shafa musu fenti kala-kala don masu ido. Kin kuma yanka ƙanana da leza don kowane ɗalibi ya riƙe nasa. Wata rana shugaban makaranta ya zo ya zauna a bayan aji. Na ɗauki murabba'i mai tsawo, na raba shi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, na ɗaga alwatika biyu, na ce kowa ya yi haka da nasa. Sai na ji ƙarar katako a kan tebura ko'ina, na ji wata ɗaliba a baya tana ce wa ƙawarta, “Ashe shi ya sa ake cewa rabi a lissafin girman alwatika.” Da aka tashi, shugaban ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Abin da ya ce kawai shi ne, ko Gwaggon nan tawa za ta yi wa sauran azuzuwan irinsu?

Da na kawo miki labari kina tsaye kina share garin katako. Kika ce, “To, madalla. Ɗaga ƙafarka in share.” Amma Baba ya gaya mini cewa bayan na tafi kin zauna a kujerar nan kin yi kukan da ba ki yi ba tun farko.

Ba duk abin da kika gwada ne ya yi ba, kuma na san ba za ki so in ɓoye ba. Da aka haifi 'yata, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba, kin kwashe makonni a ɓoye kina sassaƙa fuskar daga hoto don in shafa. Kika miƙo mini cikin zumuɗi. Na shafa, na sake shafawa. Kika ce, “Faɗi.” Na ce, “Gwaggo, wannan ai kwaɗo ne.” Kika yi dariya har sai da kika dafa bango, sannan kika karɓi jaririyar daga hannun uwarta kika ɗora mini a cinya, kika ce, “Ga ta asali nan, shafa abarka. Wannan aikin ya fi ƙarfin injina.”

Labarin siffofin ya kai wata makarantar yara makafi, malamansu suka zo. Daga nan garejin ya daina zama wurin wasanki ke kaɗai. Kin sassaƙa musu taswirar makarantar, da ɗakunan kwana da hanyar banɗaki da matakala, don sabon yaro ya san wurin da yatsa kafin ya taka da ƙafa. Kin koyi rubutun makafi da tsufanki, kina huda ƙananan ramuka kina cusa 'yan ƙwallaye a ciki ɗaya bayan ɗaya da hantsakin da kika yi aiki da shi a asibiti. Ba ki yarda a sa sunanki a kan ko ɗaya ba, ke da kika sa wa kowane ludayi suna.

Sannan kika buɗe ƙofa ranar Asabar. Iyayen yaran nan suka fara zuwa, da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da wani direba mai ritaya, da maiɗakina wadda da ko guduma ba ta taɓa riƙewa ba. Kin koya musu yadda ake ɗaure katako kafin a kunna inji, da irin robar da ba a sa wa leza don hayaƙinta guba ne, da cewa ba a barin na'ura tana ƙona abu a fita ko da amsa waya ne. Kina da faɗa, Gwaggo, wannan kowa ya shaida. Amma ban san wanda ya yi fushi ya daina zuwa ba.

Da ciwon zuciyar ya matsa, hannunki ya fara rawa, kika koma zama kina ba da umarni. Kika ce ai injin ba ya rawa, kuma ga hannuwa sun yi yawa. Ziyarata ta ƙarshe a asibiti da la'asar ce. Na zo da niyyar tambayar jiki, ba ki bari ba. Yaran makarantar makafi suna da jarrabawa a gaba, kin yi musu alkawarin rula mai tudu da ma'aunin kusurwa da za su iya karantawa da yatsa, kuma aikin bai kai rabi ba. Shi ne damuwarki. Kika ce wa maiɗakina ta rage gudun injin a kan ƙananan layuka. Ni kuma kika kama yatsuna kika ce, “Kai ne mai dubawa. Kada ka bar ko ɗaya ya fita don kunya.” Na ce to.

Ina so ki sani, in da hali a sani, cewa an gama. Bayan an watse daga zaman makoki, Baba ya kira mu ya miƙa wa maiɗakina makullin garejin, ya ce motarsa ta riga ta saba da bishiya. Mutanen Asabar suka dawo, wannan karon kullum. Ranar farko babu wanda ya iya kunna komai, muka zauna kawai. Washegari direban ya tashi ya danna maɓallin Sarkin Surutu, ƙarar ta cika gidan, Baba ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Na shafa kowace rula da kowane ma'auni. Na mayar da waɗanda ba su yi ba, aka sake. Kayan sun isa hannun yaran kafin jarrabawa, kuma malaminsu ya ce wannan ne karo na farko da suka amsa tambayoyin awo da kansu, ba tare da an zaunar da wani yana gaya musu abin da ke kan takarda ba. Yanzu wata makarantar ma ta aiko tana so.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, wanda ya yi haƙuri da ƙara da ƙura cikin fara'a, Allah Ya ƙarfafa zuciyarsa. Ga mahaifina, wanda ya rasa ƙanwar da ya goya, da taubasaina 'ya'yanki da jikokinki, da mutanen Asabar, da yaran da ba su taɓa jin muryarki ba amma suna riƙe da aikin hannunki. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka karɓi abin da ta yi a matsayin sadaka mai gudana. Ka yalwata mata makwancinta, Ka cika shi da haske, Ka sa Aljanna ce makomarta. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen, Ka tara mu da ita a inda babu ciwo babu makanta, in ga fuskar Gwaggona da idona in yi mata godiya. Amin.