Ƙanina a fili, ni a benci

Jiya da la'asar ina shagon cajin waya a Unguwar Hajji, sai samari suka kaure da ihu: "Habu ya ci! Habu ya ci!"

Na leƙa wayar da suka yi wa rumfa. Gem ɗin ƙwallo ne, amma 'yan wasan ba Turawa ba ne, mu ne. Ashe Sagiru mai gyaran waya da 'yan gurup ɗinsu sun sauya gem ɗin, sun zuba ƙungiyoyin Ƙaraye da Rogo.

Habu ƙanina ne, ni na koya masa ƙwallo. Ga shi a ciki yana gudu kamar barewa. Na nemi sunana, na same shi a benci, har tumbi aka yi mini.

Na samu Sagiru. "Haba malam, me na yi maka? Gyara mini."

Ya yi dariya. "Zan gyara a tawa. Amma an riga an tura shi waya zuwa waya, har Beli da Ruwan Bago shi ake bugawa. Wa zai bi su ya goge?"

Da a faifai ne, da na tattara na ɓoye.

A gida Habu ya tare ni da murna: "Yaya, ka gan ni?" Na ce madalla, na shige ɗaki.

Jama'a, ku faɗa mini gaskiya, laifi ne mutum ya ji ƙyashin ƙaninsa a kan gem?