Ranar da Littafin Joseph Ya Hau Kabbasa

A danginmu idan aka haifi namiji ba a tsayawa tambayar me zai zama, kasuwar shanu tana nan Gamboru tana jiransa. Kakanmu a daji ya yi kiwo, 'ya'yansa suka shigo gari suka zama dillalan dabbobi, jikoki kuma duk suka bi sahu. Ban da Hamid, ɗan kawuna Alhaji Abakar, wanda ya tashi rana tsaka ya ce shi tsofaffin takardu zai riƙa sayarwa. Ni Maimunat, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka abokin wasana ne kuma ban taɓa raga masa ba. Sarkin Bola nake ce masa har gobe, ko a gaban surukansa ne.

Wanda ya yi ƙuruciya a zamaninmu ya san katunan 'yan ƙwallo da ke zuwa cikin takardar cingam, ya kuma san littattafan nan na labari cikin zane, waɗanda ake rubuta maganar mutum a wani ɗan zagaye saman kansa. Mu mun tauna cingam mun yar da kati. Hamid kuwa gwangwanin madara ya samu yana tarawa, ba ya bari ko ƙanwarsa ta taɓa. Da ya girma sai ya gano ta intanet cewa ba shi kaɗai ke da wannan lalurar ba. Akwai manyan mutane masu gemu da iyali a Legas da Abuja da Ibadan, har da ƙasashen waje, da ke neman irin waɗannan kaya ido rufe. Suna da zaurensu a Wasaf, a nan ake nuna kaya a yi ciniki, kuma ba a sayen komai sai an ba shi maki daga ɗaya zuwa goma. Goma na wanda ya fito kamar yau aka buga shi ne. Mai saye ba ya taɓa kayan sai sun iso hannunsa, bakin mai sayarwa kawai yake bi. Wanda aka kama ya ce takwas alhali shida ne, ya gama sana'a a zauren.

Na sha zama in kalle shi yana aiki, don in samu abin tsokana. Da hantsi yake farawa, kafin zafi ya buɗe. Zai wanke hannu ya shanya su kamar mai shirin taɓa jariri, ya kashe fanka, ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin taga. Sai ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya duba ƙarfen da ya riƙe littafin ko ya yi tsatsa, ya ɗaga kowane shafi a haske yana neman sawun gara. Garar garin nan ba ta da kunya, shi ya sa ya fi tsoronta a kan ɓarawo.

Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan zauren, da aibu yake fara magana. Su da yabo suke buɗe baki, in an matsa musu su ce akwai ɗan lanƙwasa a baya. Shi kuwa hoton lanƙwasar zai fara turawa. A wurin ubansa ya ɗauko wannan. Kawu Abakar idan zai sayar da rago sai ya buɗe bakinsa ya nuna haƙori, ya ɗaga ƙafar da ta taɓa ciwo, sannan ya ce in an yarda a yi ciniki. Kawu bai taɓa son sana'ar ɗansa ba, kuma bai ɓoye ba. Amma wata rana ya ji shi yana naɗar murya yana lissafa wa wani aibun kati, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya gama saurare, ya ce, "To, da sauƙi." Daga bakin Kawu wannan kirari ne.

Matar Hamid, Kellu, Babarbariya ce, kuma turaren wuta take haɗawa. In ka shigo lungunsu ba sai an nuna maka gidan ba. A wurin Kellu, duk abin da zai bar gida zuwa hannun baƙo sai ya hau kabbasa, wato kwandon nan da ake kifawa a kan kaskon turare a ɗora tufafi su sha hayaƙi. Zanen da aka aro, hular da aka manta, har sallayar maƙwabciya, ba abin da ke komawa ga mai shi ba ƙamshi. Haka ta taso ta gani, kuma aika wa mutum kaya salam a wurinta raini ne.

Cikin masu sayen turarenta akwai Mama Ketura, tsohuwar ma'aikaciyar jinya daga wajen Biu, tana zaune a unguwar Mairi. Ɗanta Joseph ya rasu a hatsarin mota yana saurayi, ya bar akwatin ƙarfe cike da irin littattafan da Hamid ke nema. Shekaru ta yi ba ta buɗe akwatin ba, ran da ta buɗe ta tarar gara ta fara ci ta ƙasa. Ina gidan ta zo da waɗanda suka tsira a naɗe cikin zane.

"Ɗana," ta ce da Hamid, "ka nema musu wanda zai riƙe su yadda Joseph ya riƙe. Ni idona ya yi rauni, gara kuma ta fi ni ƙarfi."

A cikinsu akwai guda ɗaya da Hamid yana gani ya ɗauko gilashinsa. Tsohon bugu ne da ba a cika samu ba, bangonsa fes, farin gefensa bai sauya ba. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ba shi takwas, ya tura hotuna. Zaure ya ɗauka. Wani likitan haƙori a Legas ya ce nasa ne, a aiko. Ban taɓa ganin Hamid yana tafiya yana taka ƙasa da ɗai-ɗai irin na wannan makon ba, domin wannan ne babban kaya na farko da ya fita da sunansa.

Ranar aikawa ya sa littafin a ledarsa, ya ajiye a kan tebur, ya tafi kasuwa neman kwali mai kauri. Kellu ta shigo shara ta gani. Ta san tafiya zai yi zuwa ga baƙo, ta san kuma na marigayi ɗan Mama Ketura ne. Sai ta hura gawayi, ta ɗebo turaren da take ajiye wa amare, ta zare littafin daga leda don ƙamshi ya shige shi sosai, ta ɗora a kabbasa ta rufe da sabuwar lafaya.

Tare muka shigo da Hamid, mun haɗu a bakin lungu. Kellu ta taro mu da fara'a, littafin a tafin hannunta biyu.

"Abban Yusra, shinshina ka ji. Mutumin Legas zai san daga Borno kaya suka fito."

Hamid ya karɓa. Ya tafi bakin taga ya ɗaga. Zafi ya ɗan tanƙwara bangon, farin gefen ya yi wani ruwan ɗorawa kaɗan, wanda sai ka san yadda yake da za ka lura. Ƙamshi kuwa ya kama kowane shafi. A wurin masu tara irin waɗannan kaya, warin hayaƙi kowane iri aibu ne, ko na itacen aljanna ne. Ya sauke littafin a hankali. Kellu ta dubi fuskarsa, fara'arta ta tafi, ta dube ni.

"Ya Maimunat, na yi ɓarna ne?"

Ni ban iya ganin mace ta yi tsuru-tsuru a ɗakinta ba. Na ce a sa ƙyalle a danne littafin da dutsen guga, a bar shi a iska. Na ɗauki wayata na yi masa hoto, kuma wallahi a hoton ba abin da ya nuna. Na ce likita haƙori ya karanta, ba hanci ba.

"Takwas na ce masa," in ji Hamid. "Wannan ba takwas ba ne."

"To nawa ne, Sarkin Bola?"

"Shida. In na tausaya masa."

Ya juya ga Kellu, wadda hawaye ya riga ya zubo mata, ya ce, "Karramawa kika yi, na sani. Ni ne ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki abin da takarda ke ƙi ba." A lokacin na so in ce masa wani abu mai daɗi, amma wasan da ke tsakaninmu bai saba da haka ba.

Mairi muka fara zuwa, a Keke, mu uku, domin Kellu ta rantse ba za a bar ta a gida ba. Hamid ya durƙusa gaban Mama Ketura ya ce littafin ya samu lahani a gidansa, a hannunsa, kuma darajarsa ta sauka. Bai ambaci sunan kowa ba. Ai kuwa ba sai ya ambata ba, tsohuwar tana buɗe ledar ta gane turaren da ta shekara tana saye. Ta kai littafin hancinta ta lumshe ido. Kellu ta fashe da kuka tana cewa, "Mama, ni ce, ki yafe mini."

"Ke tashi," in ji Mama Ketura. "Tun da yaron nan ya rasu ba wanda ya yi wa kayansa gata irin wannan." Sannan ta dubi Hamid. "Amma mutumin can fa? Me za ka ce masa?"

"Abin da na ce miki, Mama."

A tsakar gidanta ya yi bidiyon bayanin. Ya ba ni wayar na riƙe masa, ya ɗaga littafin a rana, ya nuna tanƙwarar, ya kanga farar takarda kusa da gefen don launin ya fito, tun da shi kaɗai ba ya fitowa. Ya ce, "Jama'a, littafin da na ba takwas ya sha hayaƙin turaren wuta a gidana bayan na ɗauki hoto. Yanzu shida ne, kuma yana ƙamshin da ba zai fita ba. Likita, ciniki yana hannunka." Ya tura a zaure, gaban kowa, alhali yana iya bin likitan ta gefe.

Likita ya fasa. Ya yi godiya cikin mutunci, amma ya fasa. 'Yan zaure kuma suka samu abin yi. Wani ya tambaya ko a Maiduguri har katin ƙwallo ake shafa wa humra, wani ya ce a aiko masa da nasa littafin da lalle. Hamid ya karanta duka, na kuma ga abin ya ci shi. Ya rage fita, kasuwarsa ta yi sanyi, ni ma na ajiye tsokanata na ɗan lokaci, abin da ban taɓa yi ba ko ranar aurensa. Littafin kuwa Mama Ketura ta ce a bar mata shi, sauran ya ci gaba da nema musu gida.

Ana nan, bayan ƙaramar salla, rigima ta ɓarke a zauren tsakanin wasu manya biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Ibadan, a kan wani tsohon kati. Mai sayarwa ya ce tara, mai saye ya karɓa ya ce ko bakwai bai kai ba. Aka yi ta cacar baki har aka fara taɓo iyaye. Sai likitan nan na Legas, wanda tun fasa cinikinsa bai sake magana ba, ya rubuta cewa a aika katin Maiduguri wurin Hamid, duk abin da ya faɗa shi ke nan. Na Ibadan ya ce ya yarda. Na Abuja ya ce shi ma ya yarda. Hamid ya nuna mini saƙonnin. Na karanta, na sake karantawa, na ji kaina ya yi girma kamar ni aka yaba. Mutane biyu da ba su yarda da juna ba, ba su taɓa taka garin nan ba, sun yarda da bakin ɗan kawuna.

Ran da ɗan aike ya kawo katin, Hamid yana masallaci, ni da Kellu ne a gida, kasko kuwa yana tsakar gida yana ta aikinsa. Kellu ta sa hannu ta karɓi ƙunshin a zaure, ta tsaya cak, ta ƙi shigowa.

"Ya Maimunat, kashe gawayin nan! Ki zuba masa ruwa, ki buɗe tagogi!"

Na ce turaren amare ne fa a kai, kuma yanzu ta zuba.

"Ki kashe na ce. Amanar Abban Yusra ce a hannuna."

A nan zauren ta tsaya, ƙunshin a ɗage sama da kanta, har aka sallame salla ya dawo ya karɓa.