Minti ukun da Malam Sada ya hana ni yankewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina layin lodi a tasha, ina goge gilashin mota, abokina Iro ya zo ya tsaya a kaina bai ce komai ba. Duk wanda ya san Iro ya san bakinsa ba ya hutawa. Na ce lafiya? Ya ce Malam Sada ya rasu bayan sallar asuba.

Tsumman da ke hannuna har yanzu ban san inda na yar da shi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sada tsohon magatakardan kotu ne a nan Daura. Ni ba ɗansa ba ne, ba ɗalibinsa ba ne. Direban haya ne ni, shi kuma fasinjana. Duk wata yakan je Kano ganin likita saboda ciwon suga, kuma gidan gaba na motata nasa ne. In ya zo ya tarar layi bai zo kaina ba, sai ya samu benci ya zauna, ko awa biyu ce zai jira. 'Yan tasha har tsokanata suke yi wai asiri na yi wa tsohon.

Amma in ba don shi ba, da yau daga gidan yari za a kai mini labarin rasuwarsa. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan.

Akwai kyamarar nan ta gaban gilashi da na saya a shagon wani ɗan Ibo mai sayar da kayan mota. Gaskiya don burga na saye ta. Ranar da Malam ya fara ganinta ya gyara tabarau, ya leƙa ɗan allonta, ya ce, "Bashir, kyamararka ta ce shekara huɗu baya muke, kuma wai yanzu sha biyun dare."

Na ce Baba ai hoto na saye ta ta ɗauka, ba agogo na saya ba.

Ya ce, "Shaidar da bai san ranar da abu ya faru ba, alƙali ba ya ɓata lokaci a kansa. Tsaya ka gyara."

Fasinjojin baya suna tsaki, ni ina ta danne-danne, shi ko a jikinsa. Daga ranar ya zame masa jiki. Duk sanda bakanike ya cire batir kwanan watan ya koma baya, shi zai fara gani. Sai ya ɗaga agogon hannunsa ya gwada da nata kafin ya bari in tayar da mota. Wallahi haushi yake ba ni a lokacin.

Sai ranar da abin ya faru.

Ranar kasuwar Mai'adua ce, ni da Iro kaɗai a mota, za mu ɗauko wasu 'yan kasuwa. Muna tafe muna hira, hira ta kawo mu kan surukina, Alhaji Mati, mahaifin matata. Mutumin kirki ne, amma in ka je gaishe shi ka shirya awa guda a tsugune kana shan nasiha. Yana da wata al'ada, sai ya yi gyaran murya sau uku sannan ya ce, "To, yaro." Ni kuwa na iya kwaikwayonsa kamar me. Ranar na dage ina yi, Iro yana dukan dashbod don dariya. Har sunansa na kama ɓaro-ɓaro, na ce tsohon nan in ya fara magana ko rediyo sai ta ba shi wuri.

Ina tsakiyar "To, yaro" wata akori-kura ta wuce ni da gudu, ta kwashi wani mai babur da ke gabanmu, ta jefo shi kan hanyata, ta yi gaba abinta. Na taka birki iya ƙarfina. Mutumin ban taɓa shi ba, amma babur ɗinsa ya shige ƙarƙashin motata.

Mutanen da suka sheƙo ba su ga akori-kura ba. Motata suka gani da babur a ƙarƙashinta. Bawan Allah ya cika a asibiti bayan kwana biyu, Allah ya jiƙansa shi ma. Aka kama motar, aka ce ni na kashe shi da tuƙin ganganci. Iro ya yi ta rantsuwa, aka ce ai abokinsa ne, me zai ce dama.

Abu ɗaya Iro ya yi na hankali a ranar, ya zare ɗan katin kyamarar ya jefa a aljihu.

Wanda ya tsaya mini beli kuwa Alhaji Mati ne. Da sandarsa ya zo, ya sa hannu, ya ce duk ranar zaman kotu yana nan.

Da na fito, Iro ya ɗauko katin muka je wajen mai gyaran waya muka duba. Komai ya fito tas, akori-kurar, yadda ta buge shi, yadda na tsaya. Amma kyamarar minti uku-uku take ɗauka, kuma da murya. Hatsarin yana can ƙarshe. Duk abin da ya gabace shi ni ne nake kwaikwayon mutumin da ya fitar da ni daga hannun 'yan sanda. Na ce wa mai wayar ya yanke wajen hatsarin kawai, ya kashe muryar, ya matso da hoton kusa, ya turo mini ta waya. Na fito ina jin na yi dabara.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidana. Malam Sada ne, a ƙasa ya tako, da ƙafar nan tasa da likita ya ce ya riƙa hutar da ita. Na nuna masa ɗan bidiyon ina murna. Ya kalla sau biyu, ya miƙo mini wayar.

Ya ce, "Wannan na tura wa abokai ne. Ina na asalin?"

Na ce ai duk ɗaya ne, Baba.

Ya ce ba ɗaya ba ne. Ya nuna mini cewa da aka matso da hoton, kwanan wata da lokacin da ke can gefe sun fita. Duk wahalar gyaran agogon da ya yi ta ba ni, na zubar da ita da hannuna. Ya ce lauyan gwamnati tambaya uku kawai zai yi mini: wa ya yanke, me aka yanke, me ya sa aka yanke. In na kasa amsa ɗaya, shi ke nan, alƙali zai ture bidiyon gefe, a koma maganar mutanen da suka ga babur a ƙarƙashin motata.

Sai ya dube ni ta saman tabarau. "To ni ma bari in tambaya. Me ka yanke, Bashir?"

Na faɗa masa.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na kawo masa ruwa. Da ya natsu ya ce, "Ka yi abin kunya, ba zan ce maka ba ka yi ba. Amma kunyar minti uku ce. Ɗaya hanyar kuma shekaru ne, kuma 'yar Alhajin ce za ta zauna da yara tana jiranka."

Ban sake musu ba.

Ya sa aka kira Iro da katin. Bai bari kowa ya sake saka shi a waya ba. Ya naɗe shi a farar takarda, ya saka a ambulan, ya manne baki, ya rubuta rana da lokacin da aka cire shi daga mota da sunan wanda ya cire. Iro ya sa hannu. Muka je wajen mai gyaran waya, shi ma ya rubuta cewa kwafi kawai ya ɗauka, bai taɓa abin da ke cikin katin ba. Malam ya ce wa lauyana ya nemi a kawo ita kanta kyamarar daga inda aka ajiye motar. Sannan ya zauna a tabarmar zaurena ya rubuta takardar nan da doka ta ce sai an haɗa da duk shaidar da ta fito daga na'ura: wace irin kyamara ce, wa ke amfani da ita, tana aiki lafiya a ranar ko ba ta yi. Da biro ya rubuta, da rubutunsa mai kyau na mutanen da. Lauyan ya karanta ya ce ba abin da zai ƙara, bugawa kawai zai sa a yi.

Na ɗauka an gama. Malam ya ce saura abu ɗaya, kada Alhaji ya fara jin wannan abu a gaban jama'a.

Na ce Baba gara a ɗaure ni.

Ya ce, "Tashi mu je, ni zan yi maganar."

Bayan la'asar muka shiga zauren Alhaji Mati. Na tsuguna can bakin ƙofa wajen takalma. Bayan sun gaisa Malam ya ce, "Alhaji, ɗanka ya yi maka laifi, kuma laifin nan a manne yake da abin da zai wanke shi. Na ce gara ka ji a ɗakinka." Ya kunna cikakken kwafin a waya ya ajiye tsakaninsu.

Ban taɓa sanin minti uku na da tsawo haka ba. Muryata ta cika zauren, ga dariyar Iro, ga maganar rediyo. Na ƙirga zaren tabarmar nan kaf.

Bidiyon ya ƙare. Can sai Alhaji ya yi gyaran murya. Sau uku. Na saci kallon Malam Sada na ga ya juyar da fuska bango, kafaɗunsa suna rawa.

Alhaji ya ce, "To, yaro. A kunna shi a kotu yadda yake, kada a cire komai. 'Yata da jikokina sun fi mini wannan."

Daga nan ya ɗora nasiha har aka kira magariba. Ranar kam na saurara da kunne biyu.

A kotu aka buɗe ambulan a gaban kowa, aka kunna daga farko. Mutane suka yi ta ƙunshe dariya har alƙali ya tsawatar. Alhaji yana benci na biyu da sandarsa, ko motsi bai yi ba. Da aka zo wajen akori-kurar kuwa dariyar ta ɗauke. Aka gwada lokacin da ke jikin hoton da lokacin da asibiti suka rubuta an kawo mutumin, suka dace. Lauyan gwamnati ya juya takardar Malam gaba da baya, bai sami inda zai kama ba. Aka wanke ni, aka sallame ni. A waje yayan mamacin ya zo ya riƙe hannuna ya ce in yafe musu, su abin da suka gani suka faɗa.

Na kai wa Malam zabi biyu don godiya. Ya karɓi ɗaya, ya ce in kai wa Alhaji ɗayan.

Bayan nan in yana jiran mota a tasha direbobi sukan kewaye shi da tambaya. Ba ya gajiya. Ku gyara agogo. In abu ya faru ku cire kati nan take, don kyamarar kan goge tsohon hoto ta ɗora sabo a kai. Kada ku yanke, kada ku kashe murya, ku rubuta wanda duk ya taɓa shi. Yanzu in ka buɗe dashbod ɗin rabin motocin layinmu za ka ga ambulan da biro. Aikinsa ne.

Yana da naci, yana da faɗa, kuma in ya ce a'a to a'a ce. Ba zan ɓoye wannan ba, don shi ya hana ni yanke-yanke.

Haɗuwarmu ta ƙarshe shekaranjiya ce, Litinin. Na dawo da shi daga Kano, ya gaji sosai, tun kafin Kazaure barci ya ɗauke shi. Na kai shi har ƙofar gida. Ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sai ya tsaya ya leƙa allon kyamarar, ya dubi agogonsa.

Ya ce, "Ta yi gaba da minti biyu."

Na ce zan gyara, Baba.

Ya ce, "Ka gaida Alhaji. Allah ya yi maka albarka, Bashir."

Da Iro ya faɗa mini rasuwar ɗazu, abin da ya fara faɗo mini ke nan. Ban tayar da motar ba. Na shiga na zare katin, a babur na tafi jana'iza. Bayan mun dawo daga maƙabarta na je na duba. Tafiyar Kano duk ta goge, hoton jiya ya hau kanta. Amma minti ukun ƙarshe na ƙofar gidansa suna nan. Kyamarar gaba take kallo, don haka fuskarsa ba ta fito ba, katangar gidansa ce kawai da bishiyar dalbejiya. Muryar dai tasa ce, tana sa mini albarka.

Na naɗe katin a farar takarda, na saka a ambulan, na rubuta rana da lokaci, na sa hannu. Bayan sadakar uku zan kai wa iyalinsa kwafi, cikakke yadda yake.

Minti biyun ma na gyara.

Ya Allah, ga bawanka Sada ya zo gare ka. Ya tsaya wa mai gaskiya ranar da ba shi da mai tsaya masa, ka tsaya masa a ranar da ba mai tsayawa sai kai. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ka ba iyalinsa haƙurin rashinsa.

Wannan ita ce shaidar da zan iya yi masa. Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ina roƙonsa don Allah ya ɗan tsaya ya yi wa Malam Sada addu'a. Direbobi 'yan'uwana, gobe in kun shiga mota kun dubi agogon kyamararku, ku sa shi a ciki.