Rabin Tatsuniyar da Yaya Habu Bai Ji Ba

Kakarmu Dije ba ta gani, amma sai da na kai shekara bakwai kafin na san cewa wai abin tausayi ne. A ƙauyenmu da ke ƙasar Yekuwa ita ke dafa abincinta, ita ke share ɗakinta, ita ke kama mu idan mun saci ƙuli. To wa zai tausaya wa mai kama ɓarawo?

Lokacin sanyi, bayan an kai gero rumbu, da an idar da sallar isha sai mu kwashi kara mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Ni da Yaya Habu, wanda ya ba ni shekara huɗu, da 'ya'yan maƙwabta. Kaka na zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu wajen wutar, hannunta na tufka igiyar kaba. Ba ta taɓa ba da tatsuniya hannu sake ba. Da wutar ta fara mutuwa za ta ce, "Zinatu, ƙara kara, ƙwaurina ya yi sanyi." In duba kuwa in tarar gaskiya ne.

Ni yarinya ce mai shegiyar tambaya. Na tambaye ta ko duhu take gani, ta ce a'a, duhu ma ai sai mai ido. Na tambaye ta ko tana gani a mafarki, ta ce, "Ras kuwa! Har kakanku da gemunsa. Shi ya sa ba na son a tashe ni da wuri." Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne igiyar da ta shimfiɗa a tsakar gida, daga dokin ƙofarta tana bin turaku har bakin zaure. Akwai ƙulli a jikinta: ƙulli ɗaya randa, biyu murhu, uku makewayi. Na sha rufe ido in bi ta da yatsu, har ranar da na faɗa kan akuya, Kaka ta yi ta dariya tana cewa ai akuya ba ta da ƙulli.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai wadda nake roƙo kullum. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya." Mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Wai a wani gari an yi wasu mata biyu makafi, ya da ƙanwa, a gida ɗaya. Rijiyar garin tana da nisa, in ba wanda ya tuna da su sai su wuni da ƙishi. Ana nan, gab da damina, shamuwa ta sauka a kan tsamiyar gidansu za ta yi sheƙa. Ta ce musu, "Kun ba ni masauki, ni kuma zan zama idonku." Da safe ta sauka a kafaɗar babbar, tana cewa yi dama, yi hagu, ɗaga ƙafa, har rijiya, har gida. Da marece ta yi wa ƙaramar haka. Kai, daɗi ya zo! Suka ɗebi ruwa, suka je biki, suka yi ƙiba, garin ya yi ta mamaki.

Daidai nan Yaya Habu ke yin barci. Kullum! Shi ke kiwon awakin gidanmu, yana dawowa a gajiye, da ya ji mata sun sha ruwa sun yi ƙiba sai kansa ya faɗa kan gwiwa. Kaka ta saurara ta ce, "Makiyayi ya tafi. Ku bar shi, ya samu rabonsa." Sai ta rage murya ta ci gaba.

Ashe tafiyar matan biyu ba iri ɗaya ba ce. Babbar, da an ce dama ta yi dama, hankalinta na can wajen hira. Ƙaramar kuwa ta dami shamuwa da tambaya. An ce ta yi dama, ta ce don me? Don akwai kututture. Sai ta tsaya ta shafa kututturen, ta ɗaura masa igiyar da ta tufka da dare, ta yi ƙulli. An ce ɗaga ƙafa, ta ce mene ne? Rami ne. Ta taka bakinsa ta ji zurfinsa, ta yi ƙulli biyu. Shamuwa har ta gaji ta ce, "Ke kam tafiya da ke wahala, yayarki ta fi ki sauƙin kai." Ta ce ta ji, a dai yi haƙuri.

Damina ta ƙare, 'ya'yan shamuwa suka yi fiffike. Wata safiya matan suka kira, shiru. Shamuwa ta bi 'yan'uwanta ƙasar da suke zuwa da rani. Ƙaramar ta ɗauki tulu ta kama igiyarta, ƙulli bayan ƙulli, ta je ta dawo. Babbar ta fito ƙofa ta tsaya, wata huɗu tana bin hanyar nan amma ba ta san ko ta ina aka fara ba.

A nan nakan matso in ce, "Sai kura ta cinye ta?"

"Kura? Ai kura da sauƙi," in ji Kaka. "Wani ɗan'uwansu mai kirki ne ya zo da amalanke ya ɗauke ta. Ya ba ta ɗaki mai kyau, ya sa ana kai mata fura da nono har bakin gado. In ta miƙe a ce zauna, me kike so a kawo miki? Ba ta ƙara jin ƙishi ba, ba ta kuma ƙara taka ƙasa don ra'ayin kanta ba, har ta koma ga Allah."

"Ƙaramar fa?"

"Da shamuwa ta dawo baɗi, ta yi mata maraba da hannu biyu, ta ce bana kasuwa za ki kai ni." Sai Kaka ta ɗaure bakin igiyar da ke hannunta ta ce, "Na ƙulle ta a nan, mai so ya kwance gobe."

Gaskiya a lokacin ban ga abin tsoro a ƙarshen babbar ba. Fura da nono har gado, ba zuwa rijiya, ba daka? Ni da ake tashi da asuba in je ɗiban ruwa, har addu'a na yi Allah ya ba ni irin wannan azaba. Na gaya wa Kaka haka, ta laluba ta kama kunnena ta ja a hankali.

Na girma, na yi lakkol, wato makarantar boko, na zama malama a Magariya, shekara ashirin da wani abu ina koyar da yara. Mijina ya rasu, 'yata ɗaya tana aure a Dungas. Daga nan gefen idona ya fara rufewa, kamar ina leƙe ta bakin tulu. Likita a Damagaram ya ce hawan jinin ido ne, mai yiwuwa shi ne ya kama Kaka, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba ni maganin ɗigawa kala biyu, na safe da na dare, don a tsare ɗan hasken da ya rage. Ɗan hasken bai fi in bambanta rana da inuwa ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na yi wata guda ban leƙa waje ba.

Yaya Habu, wanda yanzu yake da shagon kayan moto, wato babur, a Damagaram, shi ya kawo mini salula, wayar hannu mai magana, da farar sanda mai naɗewa. Salular nan ta ba ni mamaki. In na shafa fuskarta sai wata mace ta gaya mini da Faransanci abin da yatsana ya taɓa. Tana faɗin lokaci, tana faɗin wanda ke kira, in na nuna mata takarda ta karanta. Hausa ce dai ta gagare ta, in ta karanta saƙon 'yata sai ka rantse tuwo mai zafi ne a bakinta. Na yi kwana uku ina nuna mata duk abin da hannuna ya kama, gwangwanin tumatir, sabulu, tsofaffin takardun ɗalibaina, don in ji me za ta ce. Ranar da ta karanta mini sunan kwalaben maganina, na ji bakina ya ce, "Sannu, shamuwa." Sai na zauna a bakin gado ina jin ƙamshin hayaƙin kara a hancina.

Washegari na aika aka sayo mini igiya.

Tun farko Yaya Habu bai so zamana ni kaɗai ba. Ya gyara mini ɗaki a gidansa, matarsa mutuniyar kirki ce, ba abin da zan ce. Ni kuma na ce gidana nake so, inda na san kowane lungu. Muka tsaya a kan cewa muddin salula na aiki, yana kira safe da yamma ina amsawa, zai bar ni.

Bara da bazara iska ta kayar da turakun wuta, unguwarmu ta kwana uku babu lantarki. Salula ta mutu tun daren farko. Rana ta uku da hantsi ina tsugune ina tuƙa tuwo na ji mota ta tsaya, na ji takun da na sani, na Yaya Habu, sauri-sauri, ko sallama a guje.

"Zinatu! Kwana biyu ina kira! Wuta kike hurawa ke kaɗai? Maganin fa, wa ya karanta miki? In kin ɗiga na dare da safe fa? A'a, ya isa haka nan. Tashi ki haɗa kaya, yau a Damagaram za ki kwana."

Na san tsoro ne ba faɗa ba, kuma na san in na yi gardama zai fi ƙarfina, don shi ne babba, shi ke ɗawainiya da ni. Na ce, "Yaya, sannu da hanya. Zauna tukuna in kwashe tuwon nan kada ya kama." Na kwashe, na bi igiyar bango, ƙulli ɗaya, na ɗebo masa ruwa a randa. Sannan na ɗauko kwalaben na sa a tafinsa.

"Shafa wuyansu."

"Zare ne."

"Ƙulli ɗaya na safe, biyu na dare. Sau ɗaya salula ta karanta mini, na ɗaure. Yaya, ka tuna tatsuniyar shamuwa ta Kaka?"

Ya ce ya tuna mana, makafi biyu, tsuntsuwa ta zama idonsu, suka ji daɗi. "Shi ke nan ai."

"Shi ke nan a wajenka, makiyayi. Barci kake yi."

Na ba shi sauran, yana zaune a kan kujerata tuwo na hucewa a gabansa. Na faɗi kututture da rami, da safiyar da aka kira aka ji shiru. Da na zo wajen ɗan'uwa mai kirki da amalankensa da ɗakinsa mai kyau, na ji ya ajiye kwalaben a ƙasa a hankali. Ban rage komai ba, har zuwa inda ake ce mata zauna, me kike so a kawo miki.

Ya ce, "Wato ni ne mai amalanken."

"Kai ne kuma ka kawo shamuwar. Ba na raina ta, Yaya, wallahi ina kewarta kwana ukun nan. Tun ina yarinya na ɗauka Kaka na nufin kada mutum ya dogara da kowa. Ashe ba haka ba ne, ƙaramar ai ba ta kori shamuwa ba, tambaya ta yi ta yi mata tun tana nan."

"To me kike so in yi?"

Na ce abu biyu. Ya samo mini ƙaramin fanno mai kama hasken rana don cajin salula. Sannan ya raka ni kasuwa, don tun da idona ya tafi ban taka ta ni kaɗai ba, amma kada ya riƙe mini hannu, ya dai gaya mini abin da ke gabana, kuma ya yi haƙuri da tambaya.

Kwana uku ya yi a Magariya. Ranar farko ya kusa haukacewa. Ya ce yi hagu, na ce don me? Kwata ce. Na sa sanda na auna faɗinta. Wannan ƙarar fa? Injin niƙa. Daga injin zuwa kwana taku nawa? Ya ce shi bai taɓa ƙirga takunsa ba a duniya, na ce yau zai fara. Warin fetur na masu kabu-kabu, 'yan hayar babur, inuwar itacen dogon yaro, inda yashi ke ƙarewa kwalta ta fara, duk na ƙulle su a kaina. Rana ta biyu muka sake.

Rana ta uku a bakin ƙofa na ce masa, "Yau ka bi ni a baya, kuma ka yi shiru. Ko ka ga zan faɗa rami, sai in na kai bakinsa."

Na tafi. Kwata, injin niƙa, taku arba'in, kwana. Wajen masu kabu-kabu na ji ya ja numfashi zai yi magana, ya haɗiye. Na tsaya har ƙarar moto ta wuce, na tsallaka. Da ƙamshin daddawa ya bugi hancina na miƙa sanda ta taɓa ƙafar teburin Ta Annabi mai kayan miya, ta ce, "Lale, Madam Zinatu! Ke da wa?"

Na ce, "Ni da ƙafata."

Na juya ina jiran Yaya Habu ya ce wani abu. Sai jan hanci na ji. Dattijo mai furfura a tsakiyar kasuwa! Da ƙyar ya ce, "Kaka ta cuce ni. Shekara arba'in ta bar ni da rabin labari."

Da la'asar ya tayar da motarsa ya koma Damagaram, kujerar motar da ya share mini babu kowa a kai. Na tsaya a ƙofa har ƙarar ta ɓace, sannan na kama igiyata na shiga gida na ɗora miya.