Tautaun Mama Keziya

Sebastian da bakinsa yake ba da labarin ranar da ya fara haɗuwa da Madam, kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri. Ranar Kirsimeti ce, ya je gaida yayansa Mordecai a Samaru. Ya hangi wata babbar roba a kan kabad an huhhuda murfinta, ya ɗauka cincin ne aka bari ya sha iska. Gidan yayansa ne, don haka bai tambayi kowa ba ya buɗe ya miƙa hannu. Abin da ke ciki ya ɗaga ƙafafun gaba ya tsaya. Sebastian ya ja da baya ya haɗa da kujera, kujera ta haɗa da bokitin kunun zaƙi. Da wandon yayansa ya je sujadar yamma, wandon ko idon sawu bai kai masa ba.

Madam gizo-gizo ce mai gashi, girmanta ya kusa tafin hannu. Ɗalibai na ce mata tarantula, 'yan unguwa kuwa tautau suka sani, suna kuma yin nesa da ƙofar ɗakin. Mai ita Keziya ce, matar Mordecai.

A Wusasa aka haifi Keziya, gidan yawa, inda ta iya tuƙa tuwon mutum goma tun kafin ta iya ɗaurin ɗankwali. Aure ne ya kawo ta Samaru. Mijinta kafinta ne, shi ya buga mata bencina da teburi, ta buɗe rumfar abinci kusa da masaukin ɗalibai. Ta daɗe a wannan rumfa har ta ciyar da 'ya'yan waɗanda ta ciyar. Sunan da suka sa mata Mama Ƙari, don ba ta taɓa yarda mutum ya ƙoshi ba. Ka ce alhamdu ko ka ce na gode wa Yesu, duk ɗaya ne a wurinta, sai ta ƙara maka ludayi guda. Wanda zazzaɓi ya hana cin abinci kuwa, tsayawa take a kansa kamar soja har ya share kwano.

Wata ɗaliba mai suna Oluwaseyi, mai karatun dabbobi, ita ta kawo mata tautaun ajiya lokacin da aka rufe makaranta. Ta ce gyare ko kyankyaso jefi-jefi ya ishe ta, sai ruwa a murfin kwalba. Ta kuma ja kunne a kan abu biyu: in ta ƙi cin abinci a ƙyale ta, in aka gan ta kwance rigingine kada a taɓa ta, saɓa take yi kamar maciji. Keziya ta ce to, don ba ta iya ce wa ɗalibi a'a ba. Hutu ya yi tsawo, Oluwaseyi ta gama ta tafi bautar ƙasa, daga can aure ya ɗauke ta zuwa Ibadan. Ajiya ta zama gado. Mordecai ya yi mata akwati mai gilashi ta gaba da raga ta sama, aka zuba ƙasa da ɓawon itace. Ganin yadda take zaune ba aiki ba magana sai a kawo mata abinci, shi ya sa mata suna Madam.

Saɓar farko ita ta fi wahalar da Keziya. Matar da ba ta iya ganin kwano a rufe ba, ga halitta a ɗakinta ta yi makonni ba ta ci komai ba. Ta ce hannunta har ƙaiƙayi yake yi. Ranar da ta ga Madam ƙafafu sama ta ɗauko tsintsiya za ta kwashe gawa, Mordecai ya tuna mata da maganar yarinyar. Da gari ya waye sai ga tautau biyu a akwati, ɗaya sabuwa fil tana sheƙi, ɗaya fanko kamar rigar da aka tuɓe. Daga nan ta koyi alamun da idonta: cikin ya yi baƙi ya yi ƙyalli, tafiya ta yi nauyi, a shimfiɗa yana a kan ƙasa kamar tabarma. Ta kuma koyi cewa tautau mai saɓa ta fi jariri rauni. Gyaren da take cinyewa a sauran ranaku, in ya same ta a wannan hali, shi zai ci ta.

Mordecai ya rasu. Gwiwa ta hana Keziya tsayuwar murhu, ta bar wa 'yar ƙanwarta rumfa ta koma Palladan, ɗaki ciki da falo. Da akwatin a cinya ta shiga motar kaya. Sebastian, da ke sayar da kayan babur a Sabon Gari, yakan leƙo bayan coci, ya zauna kusa da ƙofa.

"Uwargida, har yanzu kishiyar taki ba ta mutu ba?"

"Ta fi ka lafiya, Baban Wisdom. Ita ba ta shan maganin hawan jini."

A daminar bana Zumuntar Mata ta cocinsu ta shirya taro a Zonkwa, Keziya kuma tana cikin masu kula da girki. Madam ta riga ta daina ci. Keziya ta duba maƙwabta ta ga ba wanda zai yarda ya taka ɗakin, sai ta ba Sebastian makulli.

"Ruwa kawai. Ka ɗaga raga, ka cika murfin kwalba, ka rufe, ka fita."

"Abinci fa?"

"Ba ta ci."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Kai dai ruwa na ce."

Rana ta farko ya yi yadda aka ce. Rana ta biyu ya tsaya ya ƙare wa Madam kallo ta gilashi. Ta lafe a lungu, ko ƙafa ba ta ɗagawa. Sebastian a gidan da ya tashi ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana, kuma ba a tambayar mara lafiya ko zai ci, ɗura masa ake yi. A wurin Keziyar ma ya ga ana haka. Ya ce a ransa tsufa ya fara taɓa matar yayansa, ko kuwa ƙyuyar neman gyare ce. A bayan shagonsa akwai fili mai ramukan gyare, manya masu ƙoshi irin waɗanda ake gasawa. Ya haƙo biyu ya zuba mata, ya ce, "Ci ko kaɗan ne, Madam." Ba ta motsa ba. Gyaren suka shige ƙarƙashin ɓawon itace. Shi kuma ya tafi yana jin ya yi aikin lada.

Da la'asar ɗin ranar da Keziya ta dawo ya kai mata makulli. Ya same ta ta riga ta buɗe da ɗayan makullinta, tana zaune gaban akwati, ko jakarta ba ta ajiye daidai ba. Madam na kwance rigingine a kan tabarmar yanarta.

"Wayyo, ta cika? Sannu da haƙuri, uwargida. Ni dai na yi iya ƙoƙarina."

"Yi magana a hankali. Saɓa ta fara." Ta juyo. "Wane ƙoƙari?"

Kafin ya shirya amsa, gyare ya amsa masa daga cikin akwati.

Keziya ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi nawa ne, ya ɗaga yatsu biyu. Ɗauke Madam ba zai yiwu ba, tona ƙasa a nemo su ma girgiza ce, girgiza kuma tana iya sa ta maƙale a tsohuwar fata ta mutu a ciki. Ta yanko tumatir ta ajiye a ɗaya lungun, ta riƙe kofin roba tana jira. Can na farko ya fito, yunwa ta yi masa jagora, ta kife shi, ta zura kwali a ƙasa ta fitar. Na biyun ya fi wayo. Ya leƙo daga ramin da ya yi kusa da Madam, gashin bakinsa na rawa, ya koma.

"Kawo hannunka."

"Wane hannu?"

"Wanda ya zuba su."

Ta ba shi murfin kula, ta nuna masa inda zai tsayar da shi a tsaye tsakanin ramin da Madam, kamar katanga, ba tare da ya danna ƙasa ba. Ita gwiwarta ba za ta jure sunkuyo ba, za ta zauna da kofi ta tsare ɗaya ɓangaren. Sebastian ya dubi ƙafafu takwas ɗin nan da ke tazarar yatsa daga hannunsa.

"In ta tashi fa?"

"Ba za ta iya ba. Shi ya sa kake nan."

Haka ya tsaya a sunkuye, hannu cikin akwati, gumi na bin gemunsa. Ya fara rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ta ce ya bari. Ya ce bayansa, ta ce bayan nasa ne. A gabansa fatar Madam ta tsage ta gefe. Ƙafafun suka riƙa motsi a hankali, suna turawa suna hutawa, sababbi na zarewa daga tsofaffi kamar ana cire safa. Sebastian ya ƙura mata ido yana kallon ikon Allah.

Rana ta yi ƙasa kafin gyaren ya gaji da ɓuya. Ya fito ya bi gindin murfi yana neman hanya, ya taɓa yatsan Sebastian. Sebastian ya rufe ido bai motsa ba. Kofi ya sauka.

Ba a jima ba Madam ta ture tsohuwar rigar gefe. Tana nan kwance, laushi kamar danƙo, haƙoranta farare. Keziya ta ƙirga ƙafafun da ido ta ga sun cika, sannan ta ce ya zare hannunsa a hankali. Ta ƙara ruwa, ta mayar da raga.

"To yanzu ai sai a ba ta abinci," in ji Sebastian yana murza kafaɗa. "Ta sha aiki."

"Sai haƙoran sun yi baƙi. In ta ciji abu yanzu lanƙwashewa za su yi."

"Ikon Allah. Mama Ƙari da kanta." Ya zube a kujera ya miƙe ƙafa. "To ni da na yi gadi fa? Hannuna ya mutu, bayana ya mutu, tun safe ban sa komai a ciki ba. Haka ake karɓar miji a gidan nan?"

Keziya ta tura masa kofin da ƙafa, gyaren na ta tsalle a ciki.

"Ga cefanenka nan. Da gishiri kake so ko da yaji?"