Kai Shida a Ruwan Shu'aiba

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na kai ƴan bashkar ofishinmu kamun kifi bakin tekun Shu'aiba ba. Ku da kuka shigo garajin nan daga baya kuna yi mini dariya idan na tsaya a bakin mota ina kiran sunayen fasinja ɗaya bayan ɗaya kamar malamin makaranta. Na ji wani ma yana cewa tsufa ne. To ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ba a daɗe da gama yaƙin duniya na biyu ba, ina da shekara wajen talatin, ina tuƙa lori a kamfanin jigilar alhazai. A Utaibiyya, wata unguwa a Makka, aka haife ni, kakana ne ya taho daga Kano da ƙafa. Ƙa'idar aikinmu guda biyu ce, kuma ranar da aka ɗauke ka mudir, wato shugaban kamfani, zai karanta maka su. Ta farko, direba ba ya barin motarsa. Ta biyu, ba ka tayar da mota sai ka ƙirga kawuna sun yi daidai da abin da ke cikin takarda. A Muzdalifa, inda mutane ke cakuɗewa kamar gero, wannan ƙirgar ita ce mutuncinka. Ni kuwa ina taƙama da ita, don ban taɓa barin alhaji ko ɗaya a baya ba.

Idan alhazai suka watse, daga Muharram zuwa gaba, aiki yakan yi sanyi. A nan ne babban magatakardanmu, Sidi Hamza, kan karɓi aron mota don bashkarsu. Bashka ita ce ƙungiyar abokai irin ta mutanen Makka, masu zama tare su sha shayi su yi yawo tare. Tasu ta kamun kifi ce, amma wani irin kamu na ban dariya. Ba sa sa tana ko nama a ƙugiya. Gashin zakara ake ɗaura mata da zaren alharini har ta yi kama da ƙwaro, su kira ta ƙuda. Mutum ya shiga ruwa iya cinya da doguwar gora, ya yi ta wurga zare gaba da baya har ya sauke ƙudan a hankali. In sun kama ƙaramin kifi su sake shi. Ni dai a raina na ce mai ƙoshi shi ke wasa da abinci.

Wanda ya kawo musu wannan abu shi ne Ustaz Jamil, tafinta a tashar jiragen ruwa ta Jidda, wanda ya koya wurin likitan wani jirgi. Bahago ne, da hagu yake wurgi, kuma duk cikinsu ba mai kai zare inda yake kaiwa. Mai ɗaura musu ƙudan kuwa Baba Inuwa ne, tela Bahaushe a unguwar Zahir, ɗan garinsu kakana. Shi da Ustaz Jamil kullum cikin tsiya suke. Ustaz ya taɓa ba shi jan gashin wani zakara ya ce ya ɗaura masa ƙuda na musamman. Kun san alkawarin tela. Duk sanda ya tambaya, sai Baba Inuwa ya ce, “Bukra, ya Ustaz, gobe in sha Allahu.” Ana cikin goben nan zazzaɓi ya kwantar da Ustaz Jamil, kwana huɗu ya rasu. Bashka ta koma mutum shida, suka yi kusan shekara ba su je ruwa ba.

Wannan Alhamis ita ce fitarsu ta farko bayan rasuwar, cikin watan Safar. Mun tashi bayan asuba, muka bi hanyar rairayi, sau biyu muna sauka tura mota. Da hantsi muka isa. Tun a hanya na lura Baba Inuwa ya soka wani jan ƙuda a jikin hularsa.

Na ce, “Baba, wannan ja fa na wane ne?”

Ya ce, “Kai dai kalli hanyarka, Isa. Na mai shi ne.”

Ga yadda wurin yake. Daga gaɓa ruwan fari ne tas, bai wuce cinya ko ƙugu ba, har tsawon tafiya mai ɗan nisa. Daga nan sai ka ga launi ya canza ya yi baƙi-baƙi. Nan ne dutsen murjani ya ƙare, ƙasa ta yanke kamar bakin rijiya. Sidi Hamza yakan maimaita musu dokar bashka kafin a shiga: ba mai matsawa kusa da baƙin ruwa, kuma idan rana ta take direba zai danna hon sau uku, kowa ya fito a yi azahar a sha shayi. Aikina shi ne in zauna a mota, in hura samawar, tukunyar dafa shayi, in riƙa ɗaga kai ina ƙirga su.

Rana ta take. Iska ta ɗauke ɗif, tekun ya kwanta ko motsi babu, hasken yana dukan ido har mutane suka zama kamar sanduna farare a tsaye. Na hau kan matakin mota na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu a kusa, ga biyu can nesa suna tafe kafaɗa da kafaɗa. Shida cif. Na ce alhamdulillahi, na sauko in ɗebo gawayi a bayan mota.

Ina zagayawa na yi tuntuɓe da ƙafar mutum. Sidi Hamza ne kwance a inuwar taya, ya rufe fuska da rawani yana minshari, gorarsa a jingine. Ashe tun ɗazu ya fito ta ɗaya gefen ban gani ba.

Na tsaya da kwandon gawayi a hannu. Mutum shida na ɗauko daga Makka. Ga ɗaya a ƙafata. Na koma kan matakin na sake ƙirgawa da yatsa, kamar yaro. Shida a ruwa. Babu wata mota a gaɓar nan, babu kwalekwale, babu raƙumi, sawun tayata kaɗai ne a kan rairayi. Sai na kafa ido a kan biyun can na nesa. Ɗaya gajere ne mai hula, Baba Inuwa. Ɗayan dogo, yana ɗan gabansa, yana wurga zare a hankali, zaren na tafiya har inda ido ba ya kaiwa. Da hannun hagu yake wurgin.

Na tashi Sidi Hamza da ƙarfi. “Ya Sidi, tashi ka duba. Su nawa ne a ruwa?”

Ya miƙe yana mita, ya kare ido da tafi. Na ga leɓensa na motsi. Ya ƙirga, ya sake, sannan ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, “Danna hon, ya Isa. Danna!”

Na danna sau uku. Mutum huɗu suka juyo suka fara takowa gaɓa. Biyun can ko waiwaye ba su yi ba, kuma saura kaɗan su kai baƙin ruwa. Sidi Hamza mutum ne mai ƙiba da ciwon ƙirji, ko gudun taku goma ba zai iya ba. Sauran huɗun sun bazu, ba su san abin da ke faruwa ba. Ni kuma ɗan Makka ne, ban iya iyo ba, ruwan da na sani bai wuce na buta ba. Ga kuma dokar mudir. Wallahi na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, har na ɗan tsaya ina riƙe da ƙofar mota kamar ita za ta cece ni. Sai na tuna mutumin nan shi ya ɗinka mini rigar aurena, kuma da hannuna na ɗauko shi daga ƙofar gidansa matarsa na kallo.

Na faɗa ruwan da takalmina. Murjani na yanka mini ƙafa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Tun daga nesa ina jin muryar Baba Inuwa yana magana, irin maganar da yake yi in yana ba mai kaya haƙuri. “Na gama fa, ya Ustaz. Tsaya mana. Wallahi tun watan jiya na gama.” Ya cire jan ƙudan daga hula ya miƙa hannu gaba. Ruwa ya kai masa ƙirji.

Abin da zan gaya muku shi ne, muddin ina nesa ina ganin dogon mutumin nan sarai. Da na matso sai hasken ruwa ya yi ta cinye shi, har na rasa inda yake. Sanda na damƙi wuyan rigar Baba Inuwa, babu kowa a gabansa sai baƙin ruwa, kuma ƙafarsa ta dama ta riga ta taka inda babu ƙasa.

Ya yi ta fizgewa. “Sake ni, Isa! Kayansa zan ba shi. Ga shi nan yana jira.”

Na ce, “Baba, Ustaz Jamil yana makabarta, ni na tuƙa motar da ta bi gawarsa. In dole sai ka bayar, jefa masa daga nan.”

Ya dube ni kamar yanzu ya farka. Sannan ya jefa. Ƙudan gashi ne, ku sani, yakan ɗan jima yana yawo a saman ruwa kafin ya jiƙe. Wannan kuwa yana taɓa ruwa ya nutse nan take, ba fantsama, ba da'ira, kamar an sa yatsu biyu an karɓe. Baba Inuwa ya fashe da kuka, na jawo shi muka juya, ban kuma waiwaya ba har gaɓa.

Ranar ba a sha shayi ba. Muka yi azahar, aka loda gorori. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai babban kifi ne ya haɗiye ƙudan, wani ya ce kawalwalniya ce ta raba mutum ɗaya biyu. Sidi Hamza kuwa da idonsa ya ƙirga. Daga baya na tambayi limamin unguwarmu, ya ce matacce ba ya dawowa, amma akwai masu aron kamannin mutum, kuma tsakar rana lokacinsu ne. Na bar wa Allah sani.

Da za mu tashi na fara ƙirgawa yadda na saba, sai na ji hannuna ya ƙi. Na ce, “Sidi Hamza.” Ya amsa. Na kira na biyu, ya amsa, na dubi fuskarsa. Haka har kan Baba Inuwa, wanda ya amsa da ƙyar yana rawar sanyi. Sidi Hamza ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗayyib, ya yi kyau. Maganar barin mota kuwa, ban gani ba, barci nake.”

Baba Inuwa ya rayu shekara tara bayan wannan, kuma mutanen Zahir sun shaida shi ne tela ɗaya da in ya ce gobe to goben ce. Ni kuma abin da na koya shi ne, an horar da mu tsoron lissafin da ya gaza, ba wanda ya gaya mana cewa lissafi na iya cika alhali mutuminka na hanyar halaka. Da ban zagaya ɗebo gawayi ba, da na zauna ina fifita samawar, lissafina shida cif, tela na nutsewa. Saboda haka ku yi ta dariyarku. Wanda duk ya hau motata sai na kira sunansa, ya amsa, na ga fuskarsa, sannan in murɗa makulli.